Yadda Magidanci Zai Tanadi Hatsin Shekara Tun da Kaka

Magidancin da ke son kauce wa tsadar damina ya fara lissafi tun watan Oktoba, lokacin da sabuwar masara da gero ke shigowa kasuwar Tudun Hatsi a Gombe, farashi kuma ke sauka. Ya auna mudu nawa gidansa ke ci a mako, ya lissafa na shekara, sannan ya nemi kwasar adashinsa ta faɗo da kaka, domin wanda ya jira Yuli yakan saya da tsada, sau da yawa ma da bashi. Wake kuwa, a ganina, kada a saya sai an tanadi buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana ƙwari iska, a ɗaure bakinsa tam, a ɗora kan katako nesa da danshi.