Masu zane, a daina huda bangon mutane

Salamu alaikum 'yan uwa. In za ka baje kolin zanenka a ƙaramin ɗaki ko shagon haya, kada ka bi bango da ƙusa ɗaya bayan ɗaya.

Sami dogon katako siriri, ka kafa shi can sama dab da silin. Ƙusa huɗu sun isa. Sai ka rataya kowane zane da zaren roba na masunta, mai kauri, biyu-biyu don kada ya karkace.

Daga nesa ba a ganin zaren, ido na kan aikinka. In jerin bai yi maka ba, matsar da shi kawai za ka yi. Ni sai da mai ɗaki ya sa na biya kuɗin filasta da fenti kafin na koyi wannan.

Ka auna tsakiyar zanen ya zama santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Yawancinmu sama muke kaiwa, mai kallo ya yi ta ɗaga wuya.

Amma firam mai gilashi, mai nauyi, zaren miƙewa yake yi, wannan sai waya. Kuma in fankar sama na kaɗawa da ƙarfi, zanen takarda lilo zai dinga yi.