Kurakuran da aka fi yi kan la'ada da shawara wajen zuba kuɗi a asusun haɗaka

Duk wanda ya taɓa sayen rago a kara ya san dillali ba ya tashi hannu rabbana. Ana sallamawa zai matso, ka ƙirga masa la'adarsa ido na ganin ido. Asusun haɗaka, wato inda jama'a ke tara kuɗi su danƙa wa kamfani ya juya musu a hannayen jari ko takardun bashin gwamnati ko sukuk (takardun jari marasa kuɗin ruwa), shi ma yana da tasa la'adar. Sai dai shi ba a miƙo maka hannu. Daga cikin tukunya ake kwashewa kafin a zuba maka naka, kuma yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Babbansu shi ne raina ƙaramin kaso. Mutum ya ji an ce ladan kamfani kashi 3 cikin ɗari ne a shekara, sai ya ce ai wannan ba komai ba ne. To mu yi lissafi. A ce ka zuba naira miliyan 1, kasuwa na ba da kashi 15 duk shekara har shekara 20. Idan kashi 1 ake cirewa, kuɗinka zai kai wajen miliyan 13.7. Idan kashi 3 ne, wajen miliyan 9.6 za ka tarar. Sama da miliyan 4 sun tafi, ba ɓarawo ba gobara. Dalili kuwa, ba daga riba kaɗai ake yankar ladan ba, daga jimlar kuɗin ne, uwa da riba, kowace shekara, har shekarar da asusun ya faɗi. Gyaran wannan shi ne ka daina tambayar ladan manaja kawai. Ka nemi jimlar abin da ake kashewa daga asusun a shekara, domin bayan manaja akwai amintattun da ke sa ido a madadin masu kuɗi, akwai bankin da ke ajiye kadarorin, akwai masu binciken lissafi, kowa da rabonsa. Wasu asusun ma suna da ƙarin lada idan riba ta haura wani ma'auni. Duk wannan yana rubuce a takardar bayanin asusu da rahoton shekara, takardun da galibinmu ba ma buɗewa.

Sai kuɗin shiga da na fita. A Najeriya asusu da yawa ba sa karɓar komai ranar shiga, shi ya sa ake ɗauka ƙofar a buɗe take ta kowane ɓangare. Akasari akwai wa'adin da dole kuɗinka ya zauna, idan ka janye kafin ya cika a yanke maka tara daga ribar da ka tara. A asusun hannayen jari kuma za ka ga farashi biyu, na saye da na sayarwa, ratar da ke tsakaninsu daga aljihunka take fita. Kafin ka sa hannu ka tambaya: idan na bukaci kuɗina wata mai zuwa, nawa zan karɓa, kuma cikin kwana nawa?

'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka su ne suka fi haɗuwa da la'adar shiga ƙiri-ƙiri. Can asusu ɗaya yakan zo da aji-aji. Ajin A ana yanka tun farko, kuma hukumar FINRA, mai sa ido kan dillalan hannayen jari a can, ta ƙayyade kada ya wuce kashi 8.5. Wanda aka yanke wa kashi 5 daga dala 10,000, dala 9,500 ce ta shiga kasuwa, sai ta yi ribar fiye da kashi 5 kafin ya dawo inda ya fara. Ajin C ba a yanka a bakin ƙofa, amma ana ɗiban kimanin kashi 1 duk shekara, wanda ga mai dogon zama ya fi ciwo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne rashin neman rangwamen da ake yi wa mai zuba kuɗi da yawa a kamfani ɗaya, alhali sau da yawa har kuɗin iyalinsa ana iya haɗawa a lissafin. Ƙasashe da dama sun gaji da wannan ciniki: Indiya ta soke la'adar shiga a 2009, Birtaniya ta hana masu ba da shawara karɓar kamasho daga kamfanonin asusu a ƙarshen 2012, Kanada kuma ta haramta la'adar da ake ɗagawa zuwa ranar fita a watan Yunin 2022.

Wannan ya kawo mu ga mai ba da shawara. Ka shiga banki, wani matashi mai fara'a ya zaunar da kai, ya ce, "Alhaji, kuɗin nan bai kamata su kwanta haka ba." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma ruwa ba ya tsami banza, ƙila akwai adadin da aka ɗora masa ya kawo kafin ƙarshen wata, kuma asusun da yake yabo na kamfanin gidansu ne. Ba laifi ba ne ya ci abinci da sana'arsa. Kuskuren naka ne idan kunya ta hana ka tambayar wa ke biyansa, nawa, kuma ko akwai makamancin asusun mai rahusa. Ni a ganina wanda ya ɓata rai saboda wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Nauyin da ke kansa shi ne ya ba ka abin da ya dace da halinka: shekarunka, hanyar samunka, lokacin da za ka bukaci kuɗin, da irin asarar da za ka iya ɗauka. Wanda ke tara kuɗin kujerar Makka nan da wata takwas, ko gwauruwar da ke riƙe da gadon marayu, ba a kai su asusun hannayen jari da kan iya zubewa cikin mako guda. Shi ya sa ake ba ka fom mai tambayoyi. A nan ne mutane ke yanka kansu: su bar ma'aikaci ya cike musu, ko su zaɓi "ina iya jure asara" don kada a ce musu matsorata. Ranar da rigima ta tashi, wannan fom ɗin mai ɗauke da sa hannunka shi za a ajiye a gabanka. Ka cike da kanka, ka faɗi gaskiya, ka karɓi kwafi. Ka kuma sani abin da ya dace da kai ba lallai shi ne mafi araha ba. Saboda wannan giɓin ne Amurka ta fara aiki da sabuwar ƙa'ida a watan Yunin 2020, wadda ta wajabta wa dillali kada ya fifita amfaninsa a kan na mai kuɗi, kuma ya duba tsadar abin da yake tallatawa.

Abubuwa biyu a gurguje. Asusun haɗaka ba ajiyar banki ba ne, ko da a cikin banki ka saya, inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar masu kuɗi a bankunan Najeriya, ba ta shafe shi ba. Sannan sunan halal, irin asusun da kamfanin Lotus Capital ya buɗe a Najeriya a 2008, yana nufin an kauce wa kuɗin ruwa da haramtattun sana'o'i, ba ya nufin an yafe maka lada. Shi ma ka auna shi da 'yan uwansa.

Idan ka ga an sayar maka da abin da bai dace da kai ba, kada ka tsaya a kiran waya da Allah ya isa. Ka rubuta wa kamfanin ƙorafi, ka riƙe shaidar sun karɓa. Idan ba su warware ba ka kai wa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari a Najeriya, daga nan akwai kotun musamman ta harkokin zuba jari. Wannan hanya ta fi amfani ga wanda ya yi hulɗa da kamfani mai rajista, don haka tun kafin ka tura ko kwabo ka duba sunan kamfanin da na asusun a shafin SEC na intanet.