Bakan Turkawa: wanda ya kamata ka fara saya, da yadda za ka duba shi

Bakan Turkawa na farko da na mallaka laba 50 ne, kusan kilo 23. Kyansa ne ya ja ni. An lulluɓe bayansa da jar fata, an yi masa zanen furanni da ruwan zinare a mariƙi, in an kwance tsirkiyarsa sai ya lanƙwashe baya kamar jinjirin wata. Mai sayarwar bai tambaye ni tsawon jana ba, wato iya nisan da nake jan tsirkiya, ni ma ban san ana tambaya ba. Kafin kwana goma babban yatsana, wanda da shi ake jan tsirkiyar bakan Turkawa, ya kumbura, jini ya kwanta a ƙarƙashin farce, kafaɗar hagu kuma ta hana ni kwanciya ta wannan gefen. Ciwon ya warke cikin wata uku. Abin da ya daɗe bai warke ba shi ne halin da bakan ya koya wa jikina, na ɗage kafaɗa da sakin kibiya tun ja bai cika ba. Sai da na shafe kusan shekara biyu ina kankare wannan.

A Okmeydani na gane inda na kauce. Filin maharba ne a Istanbul, wanda Sarki Muhammadu al-Fatih ya keɓe bayan cin birnin a 1453, kuma har yau akwai ragowar ginshiƙan dutse a unguwar, waɗanda aka kafa a inda kibau masu nisa suka faɗi. Wani dattijo da ɗalibai ke kira hoja, wato malam, ya kalli yadda nake ja sau biyu kacal, ya karɓe bakan daga hannuna, ya miƙo min wani mai laushi da ko yaro zai ja. Sunan irin wannan baka kepaze. A zamanin Usmaniyya da shi sabon ɗalibi ke farawa, yana ja yana mayarwa ba tare da kibiya ba, kullum, har jiki ya saba. A lokacin ba a shigar da mutum rajistar maharba sai ya jefa kibiya nisan gez 900 a ma'auninsu, kimanin mita 594. Mutanen da suka kai wannan matsayi, har da Tozkoparan Iskandar da kibiyarsa ta wuce mita 845, duk ta kan baka mai laushi suka bi.

Saboda haka maganar farko ita ce nauyin ja. Idan ba ka taɓa harbi da babban yatsa ba, nemi laba 25 zuwa 30, wato kilo 11 zuwa 14. Mace ko matashi na iya farawa da laba 20, kuma babu abin kunya a ciki. Ko kai ƙaƙƙarfa ne, ko ka saba da bakan zamani mai jan yatsu uku, sauko ƙasa, domin a nan nauyin duka a kan yatsa ɗaya yake sauka. Ga gwajin da nake sa kowa ya yi. Ja bakan har ya cika, riƙe shi ka ƙirga goma, sannan ka mayar da tsirkiyar a hankali. Maimaita sau goma. In hannunka ya soma rawa, ko ka ga kana tura kai gaba don ka tarye tsirkiya, bakan ya fi ka. Za ka ji ana cewa bakunan yaƙin da ke ajiye a fadar Topkapi da yawansu sun haura laba 100. Gaskiya ne, amma masu su tun suna yara suke ja.

Lambar da ke rubuce a jikin baka ba ta tsaya ita kaɗai ba. Yawanci ana auna nauyin ne a jan inci 28, kusan santimita 71. Duk incin da ka ƙara, nauyin na ƙaruwa da wajen laba biyu, wani bakan ma fiye. Jan babban yatsa kuwa ya kan fi na yatsu uku tsawo, don mutane da yawa suna kai hannu har wajen kunne. Sai ka sayi baka mai laba 30, a hannunka ya zama 35. Auna janka kafin ka sayi komai. Ɗauki baka mai laushi da doguwar kibiya, ja yadda za ka riƙa ja, wani ya sa alama a kan kibiyar daidai bayan mariƙi, wato gefen da ba ya kallonka, sannan ku auna daga gindinta zuwa alamar. A yi haka sau uku a ɗauki na tsakiya.

Wannan awo yana da nauyi musamman a bakan Turkawa, saboda gajere ne. Na asali ba su cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, na kasuwa a yau kuma za ka same su tsakanin inci 46 da 52. Gajeren baka yana da iyakar da in ka kai, sai ka ji kamar ka ci karo da bango, nauyin ya yi tsalle lokaci guda. Wucewa nan na gajiyar da kai, yana kuma cin ran bakan. Tambayi maƙerin iyakar jan da ya amince da shi, ka tabbata ta ɗara naka da inci ɗaya aƙalla. Mai jan inci 30 ko fiye ya nemi mai tsawon cikinsu. Ka kuma tambayi yadda aka auna tsawon, domin wasu na bin lanƙwasar jikin bakan, wasu na auna shi a ɗaure daga kai zuwa kai, kuma lambobin ba sa zuwa ɗaya.

Sai abin da aka yi bakan da shi, kuma a nan ne zuciya ta fi yaudarar mutum. Bakan asali haɗi ne na abu huɗu. Itace a tsakiya, galibi na wata bishiya da Turkawa ke kira akca'agac, wato maple a Turance. Ƙahon bauna a cikin bakan, gefen da ke kallon maharbi, saboda ƙaho na jure matsi. Jijiyar dabba da aka daka ta zama zare a bayansa, saboda jijiya na jure miƙewa. Sai gam na kifi da na jijiya da ke riƙe su. Ana shimfiɗa jijiyar hawa-hawa, kowane hawa sai ya bushe, shi ya sa baka ɗaya ke cin shekara ko fiye a hannun maƙeri. Na harba irinsa, kuma ba zan ɓoye ba, babu abin da ya kai shi daɗi. Ja yana tafiya sumul, kibiya ta fita, hannu bai ji komai ba. Amma abu ne mai rai. Danshi na sassauta gam ɗinsa, zafi na karkatar da shi, wani lokaci sai an ɗumama shi an daidaita hannuwansa, wato ɓangarorinsa biyu na sama da ƙasan mariƙi, kafin harbi, kuma kuskure ɗaya wajen ɗaura tsirkiya na iya juyar da shi ya tsage. Wanda bai da malami a kusa ya bar shi tukuna.

A ɗaya ƙarshen akwai na faiba (fibreglass) zalla, sanda guda da aka lulluɓe da fata. Yana da araha, yana jure wulaƙanci, amma hannuwansa na da nauyi, kibiyarsa ba ta da gudu, kuma yana girgiza hannu in an saki. A matsayin kepaze na 'yan watanni ba laifi. Wanda nake ba kowa shawara shi ne na tsakiya, mai hawa-hawa, wato siririn itace ko gora a ciki, faiba ko kabon a gaba da baya. Ba ruwansa da sauyin yanayi sosai, yana da gudu, ba ya neman lallashi. Maƙera a Turkiyya da Hangari da Sin suna yin sa da kyau. Akwai kuma wani da ake tallatawa da cewa an sa ƙaho da jijiya a ciki tare da gam na zamani. Yana da kyau a ido da hannu, sai dai ka sani ba shi ne na asalin ba, kada a karɓi kuɗinka da wannan suna.

Ba duk baka mai lanƙwasa ne na Turkawa ba, ko da an rubuta haka a talla. Duba siffarsa. Mariƙin, kabza, yana da tudu ta baya wanda ke cika tafin hannu, kuma babu wani ɗan dandamali da kibiya ke zama a kai, a kan yatsanka take kwanciya. Daga mariƙi sai sal, ɓangaren da ke lanƙwasa yana aiki. Daga nan sai kasan, mai tauri, mai ƙashin baya a tsakiya. Sai bash, ɗan gajeren kai mai tsagin tsirkiya. Duk suna shiga juna ba tare da kusurwa mai kaifi ba. In ka ga dogayen kunnuwa miƙaƙƙu da wani ɗan katako da tsirkiya ke sauka a kai, wannan salon Mancu ne ko na Mongol na baya-bayan nan. Masu sayarwa kan yi amfani da tsofaffin sunaye kuma. Tirkesh na yaƙi ne, puta na harbin abin bara, menzil na nisa. Menzil ya fi kowanne lanƙwasa da saurin fushi, da gajerun kibau marasa nauyi ake harba shi, ba na mai koyo ba ne.

In bakan ya iso hannunka, kada ka yi gaggawar harbi. Shafa shi da yatsa daga kai zuwa kai a wuri mai haske, kana neman tsagewa, musamman wadda ta gitta faɗinsa, da inda hawa ya ɗaga daga ɗan'uwansa. Ɗaura tsirkiya, ka kafa kai ɗaya a ƙasa, ka leƙa ta ɗaya kan kamar mai duba miƙewar sanda. Tsirkiya ta raba hannuwan biyu da mariƙi daidai tsakiya. Ja kaɗan ka mayar sau biyar, ka sake leƙawa. Idan ta koma gefe, hannun a murɗe yake, ka mayar wa mai shi tun ba ka harba ba. Auna tazarar tsirkiya da mariƙi ka gwada da abin da maƙerin ya faɗa, yawanci wajen inci bakwai ne. Auna kuma tazarar a sama da ƙasan mariƙi. Bambancin 'yan milimita daidai ne, don hannun ƙasa kan ɗan fi tauri, amma bambancin da ido ke gani daga nesa matsala ce. Sannan ka ja a hankali a ɗaki shiru kana saurare. Ƙaramar ƙara kamar karyewar tsinke alama ce a ajiye shi.

Zoben yatsa, zihgir, ni a wurina ya kai rabin bakan. Bakinsa ba da'ira ba ne, kamar ƙwai yake. Ana zura shi a gicciye ya wuce gaɓar babban yatsa, sannan a juya shi harshensa ya kwanta a kan tsokar yatsan, gaɓar ta tare shi. In ya fita ba tare da an juya ba, ya yi yawa. In yatsan ya yi shuɗi bayan 'yan mintuna, ya matse. Yatsa na kumbura da zafi, ya sassauta da sanyi, yana kuma kauri bayan watannin farko, don haka kada ka kashe kuɗi a kan na azurfa ko na ƙaho mai ado yanzu. Sayi masu araha biyu ko uku masu girma kusa da juna, ko ka ɗan liƙa fata a cikin wanda ya yi yawa. Tsirkiya a gefen zoben take zama, babban yatsa ya naɗe ta, manuniya ta kulle shi a kan farce. Turkawa na kiran wannan kulli mandal. Ka tuna kuma, mai ja da dama a gefen dama na baka yake ɗana kibiya, saɓanin bakan zamani.

Kibiya ta ɗara janka da inci ɗaya ko biyu, don kada kanta ya zamo ciki ya huda maka hannu. Kada ta yi rashin nauyi. Maƙera da yawa na neman wajen rabin giram ko fiye ga kowace laba, wato bakan laba 30 na son kibiya mai giram 16 zuwa 20, amma bi abin da naka maƙerin ya rubuta. Kibiya marar nauyi ba ta ɗauke ƙarfin bakan duka, sauran a jikinsa yake komawa. Dalilin ke nan da ba a taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, ko sau ɗaya, kuma duk wanda ya ce ka ba shi ya gwada ja, faɗa masa wannan kafin ka miƙa. Naɗe gaban gashin kibiyar da zare, in ba haka ba zai yanke ka a yatsan da take bi ta kai.

Ɗaura tsirkiya a gaban wanda ya iya za ka koya, domin nan ne yawancin bakuna ke murɗewa. In ka gama harbi ka kwance ta, kada ka bar baka cikin mota a rana ko jikin abin ɗumama ɗaki.

A 2019 UNESCO ta sa harbin gargajiyar Turkawa cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, kuma masu koyo na ƙaruwa, masu sayarwa ma haka. Ka nemi wanda zai fara tambayarka tsawon janka da daɗewarka a harbi kafin ya nuna maka kaya. Ni yanzu laba 42 nake harbawa, bayan na bi ta 25 da 33. Bakan nan mai jar fata da furannin zinare yana nan, nakan sauko da shi lokaci-lokaci in harba kibau goma sha biyu in mayar. Amma kowace safiya da mai laba 25 nake fara ja, sau talatin, kafin in ɗana kibiyar farko.