Yadda Na Magance Baƙin Gindi a Tumatirin Lambuna

A ɗan lambun da ke bayan gidanmu, kusa da Jiratawa, tumatir ya riƙa yin baƙin tabo a gindinsa tun yana ɗanye, wurin ya lotsa ya bushe kamar fata. Na fara zargin tsutsa, na fesa ruwan ganyen bedi, amma da na tsaga ƴaƴan ban tarar da ƙwaro ko ɗaya ba. Ƙarin takin ure kuwa ganye kawai ya haɓaka.

Wani malamin gona ne ya bayyana mini cewa sinadarin kalsiyam ne ba ya isa ga ƴaƴan, domin ƙasarmu mai rairayi ce, tana jiƙa ta bushe nan da nan, shuka kuma ta cikin ruwa take ɗaukar sinadarin.

Sai na tsinke duk waɗanda suka lalace, na dakatar da ure. Na raba ban-ruwa gida biyu, da asuba da bayan la'asar, lita biyu a gindin kowace shuka ba tare da jiƙa ganye ba. Daga nan na shimfiɗa karan hatsi mai kaurin yatsa huɗu domin ya riƙe danshi, wanda a ganina shi ya fi yin aiki.

Alhamdu lillahi, na gode wa malamin, sababbin ƴaƴan sun nuna lafiya lau.