Yadda za ka ɗora gyaranka a kan bayanan da ba a taɓawa

A ce an turo maka jerin garuruwan ƙananan hukumomin Katsina 34 a fayil ɗin SQLite (manhajar da ke adana rumbun bayanai a fayil guda), za a kuma riƙa aiko sabo. Ka ga an rubuta Mai'adua ba daidai ba. In ka gyara a ciki, sabon fayil na zuwa gyaran ya bi ruwa.

1. Buɗe rumbu na biyu, naka. Haɗo na asali da umarnin ATTACH, ka sa mode=ro (wato karatu kawai) don a hana rubutu a kansa.

2. Yi teburin gyara mai ɗauke da lambar shaidar layin asali, sabon bayanin, da ranar gyara. Da lamba za ka haɗa, ba da suna ba. Sunan ai shi ake gyarawa.

3. Sharewa ita ce mai rikici. Ba ka da ikon goge layin asali, sai ka ƙara gurbin "an_share" a teburin gyara, ka sa 1. Garin da ka ƙaro kuwa, ba shi UUID (doguwar lambar shaida da ke da wuyar maimaituwa), kada lambarsa ta yi karo da wadda za a aiko gobe.

4. Haɗa teburin asali da na gyara da LEFT JOIN (umarnin da ke riƙe duk layukan asali, ko da babu gyara a kansu), COALESCE (mai ɗaukar bayanin farko da ba fanko ba) ya fifita naka. TEMP VIEW (teburin kallo na wucin gadi) za ka yi, don na dindindin ba ya leƙa wani rumbun. A kula: COALESCE ba ya bambance "ban gyara ba" da "na mayar da shi fanko", sai ka tanadi alama ta daban.

5. Adana tsohon bayanin kusa da gyaran. In sabon fayil ya iso, ka kwatanta shi da tsohon bayanin. Inda masu aiko fayil ɗin suka gyara da kansu, cire naka.