Matakan kiyaye kai daga zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps

Kafin ka fita wasan zamiya a wajen hanyoyin da aka tanada, fara da karanta sanarwar haɗari ta ranar. A Suwizalan, cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke garin Davos ce ke fitar da ita, bisa ma'aunin Turai mai matakai biyar. Kada mataki na 3 ya ruɗe ka don yana tsakiya, domin a wannan matakin ne ake yawan asarar rayuka.

Na biyu, kowa ya ɗauki shebur da sandar lalube (wadda ake cusawa cikin dusar don gano mutum) da na'urar gano wanda dusa ta binne, wadda ke aiki a kan zangon 457 kHz. Na'urar tana iya aika sigina ko neman siginar wasu. A ɗaura ta a jiki, ƙarƙashin riga, ba cikin jaka ba. A bakin hanya jagora ya tsaya, ya mai da tasa kan nema, sannan 'yan tawaga su wuce gabansa ɗaya bayan ɗaya har ya tabbatar kowace na'ura tana aika sigina. Daga nan shi ma ya koma kan aikawa. Wannan ne ake yawan mantawa.

Na uku, auna gangaren, domin zaftarewa ta fi aukuwa inda karkatarsa ta haura digiri 30. Idan ka ji dusa ta yi wani gurnani ƙarƙashin ƙafarka, ko tsaga ta ruga gabanka, ka juya ba tare da gardama ba.

A gangare mai haɗari, mutum ɗaya ke sauka, sauran suna kallonsa daga wuri mai aminci.