Idan sakata ta ƙi rufuwa a kan harsashin da ka ɗura da hannunka

Saura kwana huɗu a buɗe farautar barewa a jihar Wisconsin, wadda ake farawa ranar Asabar kafin bikin godiya na watan Nuwamba, na ɗura harsasai 40 samfurin .308 Winchester. Na saka na farko a bindiga, sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki, ta tafi har ƙarshe, amma hannunta ya ƙi sauka. Na kai tafin hannu zan buge ta sai dattijon maƙwabcina, wanda ya koya mini wannan aikin, ya riƙe ni. A nan Amurka doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin farautarsa a gida. A Najeriya laifi ne ba tare da izini ba, don haka da mazauna irin waɗannan ƙasashe nake magana.

Abu na farko, kada ka tilasta sakata. Harsashin da ya shiga da ƙyar yana iya haifar da matsin da ya wuce kima idan ya tashi, kuma fuskarka ce a bayansa. Ka fitar da shi, ka haɗa na gwaji wanda babu albarushi babu ƙyastu, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, a gindinsa. Sannan ka saka harsashin kanti. Idan shi ma ya ƙi, mai yiwuwa makwancin bindigar, inda harsashi ke zama, ne ya yi datti, buroshi zai raba gardama.

Dabarar da dattijon ya nuna mini ba ta cin ko sisi. Ya ɗauki baƙar maka, wato alƙalamin tawada, ya shafe harsashin gwajin tun daga kai har gindi, ya tura shi a hankali, ya zaro. Inda tawada ta goge, nan ne yake cijewa. Nawa a kafaɗa ne: wani siririn zobe na tagulla yana ƙyalli daidai inda kwanson ya fara tsukewa zuwa wuya.

Kafaɗa ita ce ta fi yawan kawo wannan matsala. Duk lokacin da harsashi ya tashi, kwanso yana buɗewa ya cika makwanci, kafaɗarsa ta matsa gaba. Aikin bututun matsi, wanda ake tura kwanso a cikinsa don ya koma girmansa, shi ne ya mayar da ita baya. Ni ban murɗa bututun ya sauka sosai ba, sai ya matse jikin kwanson ya bar kafaɗar, har ma ya ƙara turo ta gaba kaɗan, domin tagullar da aka matse sai ta nemi inda za ta tafi. Gyaran yana son haƙuri: ka murɗa bututun ƙasa kaɗan kaɗan, ka matsa kwanso, ka goge man jikinsa, ka gwada shi fanko a bindiga. Ga bindiga mai sakata, mayar da kafaɗa baya da kamar inci 0.002 ya wadatar. Kada ka zarce, domin kwanson da ake yawan dannewa yana saurin rabewa ta gindi. Ka kuma shafa ɗan mai a cikin wuya; idan ya bushe, sandar da ke buɗe wuyan tana iya jawo kafaɗar gaba lokacin fitowa.

Kwansunan nawa tsintar filin harbi ne, wasu na soja. Irin waɗannan, musamman waɗanda suka fito daga bindiga mai sarrafa kanta, gindinsu yakan kumbura, sai da bututun matsi mai tsukakken gindi suke komawa daidai. Tun daga lokacin na daina haɗa su da waɗanda aka harba a bindigata a gwangwani ɗaya.

Idan tawadar ta goge a bakin wuya, kwanson ya yi tsawo. Iyakar na .308 inci 2.015 ne, ana datse shi zuwa 2.005. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin bakin da ya yi tsawo yana maƙure kan harsashi ya hana shi sakuwa da wuri. Idan kuwa ka ga ƙananan zane a jikin kan harsashin, ya fito waje da yawa yana cizon tsagar cikin bututun bindiga. Ka auna tsawonsa gaba ɗaya, littattafan ɗuri galibi suna ba da kusan inci 2.800. Wani lokaci kuma wurin dasa kan harsashi ne ake danne baki fiye da kima, kafaɗa ta ɗan yi tudu wanda yatsa ke ji kafin ido ya gani.

Ka shafa gindi ma. Ƙyastun da ya fito sama da gindin kwanso yana hana sakata rufuwa, kuma kada ka kuskura ka danna shi ciki alhali akwai albarushi.

Harsasan nan 40 sai da na warware su ɗaya bayan ɗaya da gudumar cire kai, na juye albarushin, na sake matsa kwansunan. Dare biyu ya ci mini. Daga baya na sayi ma'aunin kwanso na L.E. Wilson, wanda ake jefa kwanso a ciki a ga ko ya zauna daidai, kuma yanzu kwanso uku na farko nake fara gwadawa a bindigar kafin in buɗe gwangwanin albarushi.